Filin Tambaya da Amsa: Hanyar Mai da Saukar Dole a Jiragen Haɗin Gida

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan ƙananan jiragen sama masu kujera ɗaya zuwa huɗu, waɗanda mutum kan sayi zanensu ko sassansu ya harhaɗa da hannunsa. Sana'a ce da ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu. Injiniyoyi da matuƙan da ke amsa wa wannan fili sun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa jiragen haɗin gida sun fi na kamfani yawan mutuwar inji a sama. Injinan ne marasa kyau, ko masu haɗawar ne ba su iya ba?
*Wani ɗalibin injiniyan jirage, Zariya*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zancen yana da tushe. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a 2012 inda ta nuna cewa waɗannan jirage kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne suka yi kusan kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Mutuwar inji tana sahun gaba a cikin dalilan.

Sai dai injinan da ke kan yawancinsu Lycoming ne ko Continental ko Rotax, irin waɗanda kamfanoni ke ɗora wa nasu jiragen. Inda ake samun bambanci shi ne tsakanin tanki da kafireto. A kamfani an zana wannan hanya sau ɗaya, an gwada ta, an maimaita ta a dubban jirage. A gida kuwa kowane mai haɗawa shi ke lanƙwasa bututunsa, ya zaɓi inda zai kafa famfo da bawul da matata, kuma nan ne kowa kan so ya nuna tasa dabarar. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne bai iso gare shi ba. Shi ya sa cikin shawarwarin hukumar har da tilasta gwajin hanyar mai kafin a ba jirgi izinin tashi.

Haɗarin da ya kashe mawaƙin Amurka John Denver ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar Monterey ta jihar Kalifoniya ya isa darasi. Jirgin samfurin Long-EZ ne, zanen Burt Rutan, wanda ya sa bawul ɗin sauya tanki a tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa wannan jirgi ya mai da shi bayan kafaɗar hagu, don kada bututun mai ya ratsa wurin zama. Niyya ce mai kyau. Amma sai ya zama dole matuƙi ya murɗa jikinsa baya kafin hannunsa ya kai, kuma babu rubutun da ke nuna wane tanki aka zaɓa. Denver bai daɗe da sayen jirgin ba, ya tashi da mai kaɗan, tanki ɗaya ya ƙafe. Masu bincike sun ce a ƙoƙarin juyawa ya kai ga bawul ne ƙafarsa ta danne fedar dama, wadda ke juya hancin jirgi, jirgin ya karkace ya faɗa teku.

Zanen da aka bi yadda yake abin dogaro ne. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi horo da shi daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, wanda asalinsa jirgin haɗin gida ne, kuma a Kaduna aka harhaɗa shi.

Tambaya: Allah ya ƙara basira. Ni makanike ne, na saba da injin mota da janareto. Ta yaya ake tabbatar da cewa mai zai isa inji a sama, alhali jirgi yana ƙasa?
*Wani makanike, Kaduna*

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da muka fi so a riƙa yi mana. Injin da ke kaɗawa lafiya a ƙasa bai tabbatar da komai ba, domin lokacin da ya fi shan mai shi ne lokacin da hancin jirgi ke sama, wato lokacin da kafireto ya ɗaga, tanki ya yi ƙasa. Wannan yanayin ake kwaikwaya.

A fara da lissafi. Injin fetur na jirgi yana shan kimanin rubu'in kilo na mai a awa kan kowane ƙarfin doki ɗaya idan an ba shi wuta duka, kuma litar man jirgi nauyinta kilo 0.72 ne. Inji mai ƙarfin doki 100 ke nan zai sha kilo 25, kusan lita 35 a awa. Ƙa'idar da hukumar jiragen Amurka, FAA, ta daɗe a kai ita ce: idan mai yana gangarowa ne da kansa daga tankin fiffike, hanyar ta iya ba da kashi 150 cikin ɗari na wannan adadi, idan famfo ke turawa, kashi 125. Na farko lita 52 ke nan a awa, wato lita ɗaya cikin daƙiƙa 69. Na biyu lita 43, lita ɗaya cikin daƙiƙa 83. Inji mai doki 180 da famfo yana buƙatar lita 78 a awa, lita ɗaya cikin daƙiƙa 46.

Sai a fitar da jirgi fili, a ɗaga hancinsa ya wuce iyakar miƙewar da zai yi wajen hawa da digiri 5. Wasu kan haƙa rami su saka wutsiya, wasu su ɗora tayoyin gaba a kan tudu; ko ta yaya aka yi, a ɗaure shi da kyau. A zuba mai kaɗan, daidai mafi ƙarancin da za a yarda a tashi da shi, domin cikakken tanki yana da nauyin da ke ɓoye matsala. A kwance tiyo daga bakin kafireto, a riƙe bakinsa daidai tsayin inda aka cire shi. Wanda ya sauke shi ƙasa cikin bokiti ya ƙara masa gangara, adadin da zai samu na ƙarya ne. A buɗe bawul, a tara a mazubin awo ko jarka mai layi, a duba agogo. Kowane tanki a gwada shi daban, murfinsa a rufe yadda zai kasance a sama. Idan akwai famfon lantarki, a gwada da shi.

In adadin bai kai ba, kada a ce ai ya kusa. A bi layi gaɓa-gaɓa: bututun da ya lotse a lanƙwasa, bawul mai ƙaramar kafa, matata da ta cika da dattin gini. Bututun inci 3/8 shi aka fi amfani da shi a injinan Lycoming masu wannan girma. Daga nan a bar tankin ya zuba har iska ta fara fitowa, a daidaita jirgi a auna abin da ya rage. Wannan ragowar ba mai ba ce a lissafin tafiya, a rubuta adadinta kusa da bawul.

A haɗa jirgi da mazubin da wayar ƙasa kafin a fara, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa tartsatsi a jikin roba da tufafi. Abin kashe gobara ya kasance a hannun mutum na biyu.

Tambaya: Man jirgi yana da tsada kuma yana da wuyar samu. An ce injin Rotax yana shan fetur ɗin mota. Me zai hana a saya a gidan mai?
*Mai sha'awar jirage, Kano*

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, Rotax 912 an yi shi ne don fetur ɗin mota marar dalma, har ma ya fi masa man jirgi mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda dalmarsa ke taruwa a cikin inji. Samfurin doki 80 yana son ƙarfin oktan, wato ma'aunin ingancin fetur, 90 zuwa sama, mai doki 100 kuma 95, don haka sai an san abin da aka saya. Amma ko oktan ya kai, akwai abu biyu da suka fi shi haɗari.

Na farko zafi. Fetur ɗin mota ya fi man jirgi saurin zama tururi, kuma yakan tafasa a cikin bututu idan abu uku suka haɗu: man ya ɗumama, jirgi ya yi sama inda iska ta yi sauƙi, famfo kuma yana tsotsa daga nesa. Famfo ruwa yake turawa. Da ya cika da tururi sai allurar matsin mai ta fara rawa, inji ya yi tari, ya mutu. A Ingila sharaɗin da aka gindaya wa masu tashi da fetur ɗin mota shi ne kada zafin man tanki ya wuce digiri 20, kada kuma a haura ƙafa 6,000. A auna wannan da Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40, ko da filin jirgin Jos da ke sama da ƙafa 4,000 tun kafin a tashi. Duk wanda zai yi amfani da fetur ɗin mota a yankinmu dole hanyar mansa ta fi ta Bature kyau.

Maganin a wajen gini yake. Famfon lantarki a kafa shi ƙasa, kusa da tanki, a ɓangaren da babu zafin inji, ya riƙa turawa maimakon tsotsa. Duk tiyon da ke ɗakin inji a sa masa rigar kare wuta, a nisanta shi da salansa, a tare da farantin ƙarfe inda kusantar ta zama dole. Rotax ya umarci a sa layin da ke mai da ɗan mai tanki ta ƙaramar kafa mai faɗin milimita 0.35, domin man ya riƙa zagayawa yana fitar da tururi. Masu tanki biyu su kula: idan ana sha daga hagu ana mayarwa dama, na dama zai cika ya riƙa zubar da mai ta kafar iska. Akwai bawul mai hawa biyu, irin na kamfanin Andair, wanda ke sauya layin sha da na mayarwa tare. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tashi na biyu, bayan an sauka an kashe inji na ɗan lokaci a rana, zafi ya dafa man da ke tsaye a bututu. A buɗe murfin inji ya sha iska, a kunna famfo ya zagaya da man, a ba inji wuta sosai a ƙasa ana kallon allura. Matsin da Rotax ke so bai kamata ya gaza 0.15 a ma'aunin matsi na bar ba.

Na biyu gauraye. Rotax ya yarda da itanol, sinadarin barasa da ake gauraya da fetur, har kashi 10, amma yardar inji ba yardar tanki ba ce. Itanol yana narkar da wasu tankunan faiba da gam ɗin liƙe tanki, yana kumbura wasu robobi, yana kuma shan ruwa ya riƙe, sai sanyi ya zo ya sake shi a gindin tanki. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol da yawa Najeriya, motoci suka yi ta lalacewa. Gwajin ba shi da wuya. A samu kwalba mai layin awo, a zuba ruwa mililita 10, a cika da fetur zuwa 100, a girgiza, a bari ya kwanta na 'yan mintoci. Idan layin ruwa ya haura 10, akwai sinadarin barasa a ciki. Man 'yan bumburutu kuwa, wanda ba a san da me aka haɗa shi ba, bai da wuri a jirgi ko kaɗan.

Tambaya: Wajen haɗa bututu, zan iya naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo don kada ya yi yoyo? Matatar babur kuma fa, tunda ita ma fetur take tacewa?
*Wani mai walda, Maraɗi*

Amsa: A'a, Malam, duka biyun. Farin tef yana yagewa idan aka ɗaure, zarensa ya bi mai ya je ya toshe jet ɗin kafireto, ko ya maƙale a allurar da ke tsayar da mai. Gam ɗin silikon ma haka: fetur yana kumbura shi ya ɓalle gutsure-gutsure. Mahaɗin da ke da zare mai tsukewa ana shafa masa man liƙi na musamman da fetur ba ya ci, kaɗan, a jikin namijin kawai, a bar zaren farko biyu babu komai. Mahaɗin da bakinsa ke buɗe kamar kakaki ba a shafa masa komai, ƙarfe ne ke kama ƙarfe. A nan akwai tarko: na jirgi buɗewarsa digiri 37 ne, na mota da firji 45. Za su ɗauru da juna, har su yi kamar sun kama, sai girgiza ta tsaga bakin bayan wasu awoyi.

Inji yana motsi a kan robobinsa, jikin jirgi ba ya yi, saboda haka tsakaninsu tiyo mai lanƙwasuwa ake sawa. Bututun alminiyam zai karye. Rotax ya ce a sauya duk robobin hanyar mai bayan shekara 5 ko da idonka bai ga komai ba, domin daga ciki suke fara ruɓewa.

Matatar babur takarda ce ƙarama, ɗan datti ko ruwa ya isa ya toshe ta, jikinta kuma roba ne da ke narkewa a wuta. Kafin famfo ana sa matatar raga mai faɗi, kimanin maikiron 70, wadda ba za ta shaƙe shi ba. Mai laushin tana zuwa ne bayan famfo. Sabon jirgi tankinsa cike yake da ɓarɓashin alminiyam da gam da ƙurar faiba. A wanke shi da mai sau da yawa, kuma a awoyin farko a riƙa buɗe matata bayan kowane tashi har a daina ganin komai.

Tambaya: Tunda sauya tanki yana jawo haɗari, me ya sa ba za a haɗa tankunan biyu su riƙa ba da mai tare ba?
*Wani malamin makaranta, Gusau*

Amsa: Malam, a jirgin da fukafukansa ke sama, kamar Cessna 172, ana yin haka, domin man yana gangarowa da nauyinsa. A mai fukafukai a ƙasa famfo ne ke tsotsa, kuma tankuna biyu ba sa ƙarewa tare. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur da tiyo ya san da bakin tiyon ya fito daga cikin man, iska kawai zai ja. Famfo zai ja iska daga tankin da ya ƙafe ya bar ɗayan cike. Shi ya sa jiragen RV na kamfanin Van's hagu da dama da kashewa kawai bawul ɗinsu ke da su. A sa shi inda ido ke gani hannu ke kaiwa mutum yana ɗaure da bel, ya riƙa yin ƙas idan ya shiga gurbinsa, hannunsa ya nuna tankin da aka zaɓa, kashewa kuma ta buƙaci motsi na daban. Ana sauya tanki ne a sama sosai, bisa wurin da za a iya sauka, famfon lantarki a kunne. Ba a sauyawa dab da tashi. Ɗan man da ke kafireto zai kai jirgi ƙarshen titi ne kawai kafin a gane bawul bai shiga ba.

Kafar shan iskar tanki ma a riƙa duba ta kullum. Zanzaro yana son irin wannan rami, yakan cika shi da laka cikin yini guda. Tankin da bai shan iska zai ba da mai na wasu mintoci, ya isa a tashi, daga nan ya riƙe, wani lokaci har fatar tankin ta lotse. A sa mata murfi mai jan ƙyalle idan jirgi yana ajiye, a cire kafin tashi.

Tambaya: Agogon mai bai isa ya nuna abin da ya rage ba?
*Wata ɗaliba, Katsina*

Amsa: Bai isa ba, 'yar'uwa. Tankin fiffike shimfiɗaɗɗe ne, agogonsa yakan nuna cike har an sha da yawa. A yi sandar awo ta wannan jirgi shi kaɗai: a daidaita shi, a riƙa zuba lita biyar-biyar ana sa alama. Kafin kowane tashi a tsoma sanda, a raba abin da aka samu da shan injin a awa, a kama agogon hannu. Dokar Amurka ta ce a tashi da rarar minti 30 da rana, 45 da dare. Mu awa guda muke ba da shawara, ganin nisan da ke tsakanin filayen jiragenmu.

A kula da ma'auni. Littattafan waɗannan jirage da galan ɗin Amurka suke magana, lita 3.8, na Ingila kuma lita 4.5 ne. Irin wannan ruɗani, tsakanin kilo da ma'aunin nauyi na fam, shi ya sa Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a sama a watan Yulin 1983, ya sauka babu inji a tsohon filin soja na Gimli.

Sannan ruwa. Ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, yana shiga ta murfin da robarsa ta tsufa, ko raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cika ba, ko tsohon duro. A tatsi kowane tanki da kofin tace mai da ke ƙasan layi cikin kwalba mai haske, kafin tashin farko da kuma bayan an sha mai an jira ya kwanta. A shinshina, domin kwalbar da ruwa ne zalla ba ta nuna layi.

Tambaya: Idan inji ya mutu jirgi yana cikin hawa bayan tashi, ba sai a juyo a sauka a titin da aka baro ba?
*Wani tsohon direban tirela, Funtuwa*

Amsa: Baba, zuciya haka take raya wa kowa, kuma wannan juyowar ta ci rayuka masu yawa. Littafin koyar da tuƙi na FAA ya yi lissafin: inji ya mutu a ƙafa 300, matuƙi ya ɗauki daƙiƙa 4 kafin ya farga, ya yi kwana ta yau da kullum ta digiri 3 a daƙiƙa. Ba digiri 180 zai juya ba, sai ya ƙara 45 kafin ya fuskanci titi. Kafin ya gama ya sauko ƙafa 1,316, alhali 300 gare shi.

Sai matuƙi ya ga ƙasa tana matsowa ya ƙara karkata, ya ja hanci sama. Gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi, wanda matuƙa ke kira sitol, yana ƙaruwa da karkata: kashi 19 cikin ɗari a digiri 45, kashi 41 a digiri 60. Jirgin da ke sitol a kilomita 90 a awa zai yi a 107, sannan a 127. Nan fiffike ɗaya ke faɗuwa, jirgi ya yi katantanwa da ka, babu tsayin da za a gyara.

Abin yi na farko, kafin tunanin komai, a tura hanci ƙasa. Jiragen haɗin gida marasa nauyi ne, gudunsu yana zubewa cikin daƙiƙu kaɗan. Sannan a zaɓi wuri a gaba, cikin digiri 30 hagu ko dama, a kashe mai da wuta, a sauka. Tsayin da jirgi zai iya juyowa daga gare shi ana gano shi ne ta gwaji a can sama tare da malami, a ƙara masa rara, a furta shi da baki kafin a ba inji wuta. Idan kuma a kan titi inji bai kai juyin da aka saba ba, ko allurar mai tana rawa, a ja totur baya a taka birki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambaya: Maigidana yana koyon tuƙin ƙaramin jirgi a waje, hankalina ba ya kwanciya. Idan inji ya mutu a tsakiyar tafiya, akwai tsira?
*Wata uwargida, Kumasi*

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankali, akwai, kuma saukar dole tana cikin abin da ake koya masa tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Jirgin da injinsa ya mutu yana shawagi ne yana saukowa a hankali. Irin Cessna 172 yana cin kusan mita 9 a gaba kan kowace mita ɗaya da ya sauko, wato kilomita 2.7 a kowace ƙafa 1,000. Daga ƙafa 5,000 yana da mintoci shida zuwa bakwai. Na haɗin gida kowanne da nasa adadin, kuma auna shi yana cikin aikin awoyi 25 zuwa 40 na gwaji da Amurka ke ɗora wa sabon jirgi.

Zai fara kama gudun shawagi mafi kyau ya daidaita jirgin a kansa. Sai ya zaɓi fili ya nufe shi nan take, na kusa, har da wanda ke ƙarƙashinsa, kada ya yi ta sauya ra'ayi. Bayan haka ne zai nemi tada inji: ya sauya tanki, ya kunna famfon lantarki, ya ba da mai cikakke, ya buɗe iska mai zafi ga kafireto, ya gwada magineto, masu ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. Bayan sauya tanki a ba shi daƙiƙu goma zuwa ashirin mai ya cika layi. Masu gaggawa kan koma tankin da ya ƙafe. Iska mai zafin kuma saboda ƙanƙara ce, wadda ke iya taruwa a maƙogwaron kafireto ko ana zafin digiri 30 idan iska na da laima, kamar da damina. Inji zai ƙara tari yayin da take narkewa, kada a rufe. Idan bai tashi ba, ya yi kiran gaggawa ta rediyo a mita 121.5, ya sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna shi ga masu kula da sararin sama.

Wajen zaɓen fili, a fuskanci iska. Hayaƙi da ƙura suna nuna inda take kaɗawa. A gona a bi tsawon kunya, kada a gitta ta. Kore shar a fadama laka ce, rairayi mai laushi kuma yana kama tayar gaba ya kifar da jirgi. Kwalta tana da jan hankali, amma wayoyin lantarki ba a ganinsu sai an zo kansu, falwaya ake nema da ido, ga kuma motoci da mutane. Gara a iso da tsayi fiye da kima a rage shi da filaf, wato marfin bayan fiffike da ake saukewa, ko gicciyar da jirgi, domin jan hanci don a miƙa shawagi yana rage nisa ne, ya kuma kai ga sitol.

Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne gudun da aka taɓa ƙasa da shi da kuma ko fukafukai a daidaice suke. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ya ninka huɗu. Lissafin FAA ya nuna jirgin da ke gudun kilomita 80 zai iya tsayawa cikin kusan mita 3 da ƙarfin da kujera da bel ke jurewa, mai gudun 160 kuwa sai mita 11 da ɗoriya. Idan bishiyoyi ne a gaba, a saita hanci tsakanin biyu, fukafukai su sha dukan. Kafin taɓawa a kashe bawul ɗin mai da magineto, a sauke filaf sannan a kashe batir, a ɗaure bel ɗin kafaɗa tamau, a sassauta makullin ƙofa don kada ta maƙale. Jirage masu rufin gilashi, irin su RV, idan suka kife rufin ba ya buɗuwa, saboda haka a ɗaure ƙaramar guduma ko sandar fasa shi a inda hannu zai kai ko mutum yana rataye da ka. Da jirgi ya tsaya a fita, a yi nisa ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kuma hana jama'ar da za su taru matsowa da sigari ko fitila.